Tsingaron Kawu Idi da akuyar da ba ta da laifi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Idi, tsohon malamin firamare a Kafur. Abin da ya tuno mini da shi hoto ne da 'yata Safiya, mai karatu a Masar, ta turo mini: tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, da rubutun mutanen zamanin Fir'auna a jikinsa, an sa shi cikin gilashi a gidan tarihi har da mai gadi. Ta ce yawancinsu ba wani sirri ba ne, saƙonnin yau da kullum ne, irin su wane bai zo aiki ba.

Na yi dariya har na ƙware. Da Kawu na raye, wallahi da mun shiga uku da cika baki, domin sana'arsa ke nan. Duk tukunyar da ta fashe a gidan sai ya ɗauki ɓalli ɗaya ya yi rubutun boko da tawada. Matarsa, Inna Hajara, ba ta karanta boko. Ya ce mata addu'ar tsari ce, ita kuwa ta riƙa adana su a kwalla, naɗe da sabon zane.

Da na kai wa Inna hoton sai ta fito da kwallar. "Karanta mini, Sani. In na Fir'auna ya samu gilashi, na Malam ai ya fi cancanta."

Na ɗauki na farko, na duba a zuci: "Hajara ta fasa randa ranar Talata. Ta ce akuya ce." Na biyu ma akuya. Na bakwai har yanzu akuya. Gumi ya keto mini. Shekara da shekaru tsohuwa tana shafa abin nan da alwala, yanzu ni zan rushe mata?

Ta tsare ni da ido, dole na karanta mata. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na zo na ƙarshe, wanda ya rubuta lokacin da hannunsa ya fara rawa: "Wannan ni na fasa. Hajara ta ce wa baƙi akuya ce."

Inna ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ja'irin malami. A waccan shekarar ko akuya ba mu da ita."

Kawu bai bar gona mai yawa ba, abin da ya bari ke nan. Allah Ya jiƙansa. Na ce zan nema musu gilashi, Inna ta mayar da su kwalla ta rufe, ta ce in ɗauke hannuna, ba ni da alwala.