Kwana Uku Goggo Ladi Ba Ta Amsa Ba

A Aujara na tashi, a gidan kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Dada. Shekarun casa'in ne, shanunmu sun ragu amma ba su ƙare ba. Idan aka idar da magariba aka ci tuwo, Dada takan ja kujerarta kusa da murhu don ƙafafunta ba sa son sanyi, mu kuma mu zube a tabarma. Ba yara kaɗai ba. Inna, mahaifiyata, takan zauna tana ɓare gyaɗa, kusa da ita aminiyarta Goggo Ladi, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Tare suka yi tallan nono suna 'yan mata.

Dada ba ta dogon share fage in za ta yi tatsuniya. Sai dai ta ce, "To, ga ta ta iso ƙofa," mu ce ta shigo mu ji.

Akwai wadda take yawan maimaitawa, ta wani makiyayi da ƙanwarsa ta yi aure a hayin kogi. Duk kaka yakan cika ƙwarya da man shanu ya ba wani falke ya kai mata da gaisuwa. Falke ya dawo ya ce, tana lafiya, tana godiya. Haka shekara bakwai. Ran da makiyayin ya haye kogin da kansa, sai ya tarar ɗakinta ya rushe, ta daɗe a ƙasa. Ashe wata maƙwabciya ce ke tarar falken a bakin zaure, ta karɓi man ta ba da amsa.

"Mai dai yana isa," in ji Dada, tana gyara itace. "Mai man ne bai isa ba."

Mu dariyar maƙwabciyar muke yi, muna kwaikwayon yadda take lashe yatsu. Goggo Ladi ta fi kowa dariya.

Dada ta rasu a shekarun da rediyo ba shi da zance sai na shari'a. Daga baya Baba ya bi ta, ni kuma na ɗauko Inna ta dawo wurina a Dutse, inda nake koyarwa a firamare. Ni na saya mata babbar waya, na sa ta a guruf ɗin dangi. Ba zan ce ba ta amfana ba. Ta ji muryar ƙanenta da ke Ikko, ta ga jikokin da ba ta taɓa ɗauka ba. Kullum da safe ita da Goggo Ladi sai sun yi musayar saƙon murya: an tashi lafiya, ya ƙafa, ya damina. Da farko duk Sallah da duk suna Inna na Aujara. Sannu a hankali ta koma cewa, "Ai mun gaisa ɗazu." Shekara biyu ba ta je ba, ni ma ban matsa ba.

Wata Laraba lokacin hutun tara a makaranta na buɗe guruf ɗin 'yan garinmu, wanda Inna ba ta ciki, na ga hoton Goggo Ladi da sanarwar jana'iza. Rasuwa ta huɗu ke nan da na gani a makon. Na rubuta Allah ya jiƙanta, aka kaɗa ƙararrawa, na koma aji. Na ce sai na je gida zan gaya wa Inna a tsanake. Na manta.

Ran Juma'a ta miƙo mini wayar. "Binta, duba mini. Kwana uku Ladi ba ta saurari saƙona ba. Ko kati ne ya ƙare mata?"

Na gaya mata. Ta yi salati a hankali.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya, Inna."

"Ke kin sani?"

"Na sani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in nemo mata mayafinta mai kauri.

Washegari muka shiga mota zuwa Aujara. A wurin zaman makoki surukar Goggo Ladi ta ce wata huɗu marigayiyar ta yi a kwance. Da safe sai ta sa a tayar da ita zaune, ta kurɓi ruwa ta gyara murya, ta danna wayar ta ce lafiya lau. Inna ta saurara tana kallon tabarma.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Dada kan ɓarauniyar mai take. Yanzu na ga ba a ma buƙatar ɓarauniya. Wanda kake ƙauna da bakinsa zai ce maka lafiya don kada ya tayar maka da hankali, kai kuma ka karɓa don ya fi sauƙi. Na san haka, amma har yau in na tuna ba na jin wani abu ya motsa a ƙirjina. Yawan ganin rasuwa a tafin hannu ya dakusar da ni.

A hanyar dawowa, mun wuce Jahun, Inna ta ce in lissafa mata sa'o'inta da suka rage a unguwarmu. Na kira mata suna uku.

"Biyu," ta ce. "Hajiya Uwani tun bara. A waya na gani."