Teburin da Ya Karkata Hagu

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana gyaran teburin sinuka. Shi ke sauya koren ƙyalle, ya ɗaure ragar ramuka, ya daidaita ƙafafu. Bai taɓa yarda da ma'aunin magina ba. Wata farar ƙwallo gare shi a aljihu, ta tsufa har ta dafe. Sai ya tura ta a hankali daga wannan kai zuwa wancan, ya durƙusa ya zuba mata ido. In ta kauce ko da faɗin farce ne, ya ninke kwalin ashana ya cusa ƙarƙashin ƙafar tebur. A gida ma ba mu tsira ba, har gadon Inna da kwalinsa.

Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a gidan wasa, guduma na hannunsa. Da aka sallamo shi daga asibiti baki ya miƙe, ƙafa ta dawo da ɗan ja, hannun dama ne ya ƙi. Yana ɗaguwa, sai dai rawa. Mai gidan wasan ya zo dubiya, ya ce tebura shida na jiran sabon ƙyalle, zai jira Baba wata biyu, bayan nan dole ya nemi wani. Ban ga laifinsa ba, amma ji na yi kamar in watsa masa ruwan da na kawo masa.

Mai gashin ƙashi ta ce a samo abin da zai sa hannun aiki. Ƙwallon robar da ta ba shi ya wurga bayan gado, ya ce shi ba jinjiri ba ne. Sai na roƙo wata tsohuwar kwamfuta da aka jingine a ofishinmu. Akwai wasan sinuka a ciki wanda ya girmi aurena. Ana jan linzamin kwamfutar baya a tura gaba, sandar da ke allo ta yi yadda hannu ya yi.

Ranar farko zagi kawai wasan ya sha.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci, "wa ya taɓa ganin ƙwallo mai kusurwa? Ƙyallen kuma kamar fentin ƙofa. Ina allin goga kan sanda? Ji ƙarar, sai ka ce ana dukan gwangwani."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne farin layin da ke nuna inda ƙwallo za ta bi. Ya ce raini ne, na kashe masa shi. Duk da haka bai tashi ba. Da ƙwallo ta bugi bangon teburin ta dawo, sai ya ce wanda ya ƙera abin nan dai ya taɓa riƙe sanda.

A kwana na huɗu ya ce, "Teburin nan ya karkata hagu."

"Baba, hoto ne fa."

"Hoto ko ba hoto ba, idona bai shanye ba. Kawo kwali."

Ya cusa kwali ƙarƙashin allon ta hagu. Ƙwallo ta ci gaba da kaucewa, ya ƙara wani. Ni da ke tsaye a bayansa ina ganin abin da ke faruwa: duk turin da zai yi, hannun ne ke fizgewa hagu. Na sani, na yi gum. Har ashana nake juyewa a kofi in miƙa masa kwalin, don muddin laifin na tebur ne yana cin abinci, yana tsokanar Inna. Tsoro ne, ba wani tausayi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Saura kwana tara wa'adin ya cika, allon ya jirkice kamar zai zube. Da hantsi ya kira ni.

"Zauna. Tura farar a hankali daga nan zuwa can. Kar ki bugi komai."

Gwajinsa ne na shekara talatin da ɗaya, na gane shi nan take. Na yi niyyar in karkatar da hannu da gangan, sai na ga ba allon yake kallo ba, hannuna yake kallo. Na tura. Ƙwallo ta miƙe sak, ta taɓa bango, ta dawo ta inda ta bi.

"Sake."

Sau uku na yi. Sannan ya karɓa ya tura sau ɗaya, ta yi hagu.

Da hannun hagu ya zare kwalayen ɗaya bayan ɗaya, goma sha ɗaya, ya jera su a cinyarsa. Allon ya zauna daidai.

"Teburin lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ban taɓa samun na gaske mai daidaito haka ba."

Na fashe da kuka, bai hana ni ba. Ya laluba aljihu ya ciro tsohuwar ƙwallon ya ɗora a tafina.

"Kai wa mai gidan wasa, ki ce ya daina jira. Wanda zai ɗauka a madadina, ya gwada da wannan kafin ya shimfiɗa ƙyalle."

Na kai ƙofa ya sake kirana. Kwalayen yake miƙo min.

"Haɗa masa da su, Uwata. Tebur na uku sai da biyu yake tsayawa."