Fatihar da Ta Watsa Taron Gonaki

Malam Isiyaku, jiya na kishingiɗa bayan sallar asuba, sai na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ka san jibi za mu fita zanga-zanga kan gonakinmu na fadama da aka yanka wa masu gini, kuma ni aka ce in shige gaba.

Na gan mu mun fito. Ban taɓa ganin jama'a haka ba, ko a filin idi. Har mutanen da muka binne da hannunmu suna ciki, riƙe da kwalayen da na rubuta da ajami. Ƙura ta rufe rana. Na ce a raina, yau kam dole a ji mu.

Sai kawai na gan mu a ƙofar sakatariya. Ciyaman ya fito kan bene yana murmushi, bai tambayi abin da ya kawo mu ba. Ya duba, ya duba, ya ce, "Masha Allah, jama'a ta yi kyau. Malam, a yi mana addu'a."

Yaya zan ƙi addu'a? Na ɗaga hannu. Na so in ambaci gonakin, amma bakina ya bi hanyar da ya saba: zaman lafiya, damina mai albarka, Allah ya yi wa shugabanni jagora. Amin ɗin ta girgiza ƙasa. Na ce fatiha, aka shafa. Ka san mu, in an shafa fatiha taro ya tashi. Kowa ya juya yana neman takalminsa.

Sai kawai ga ni a fadama. Iya Hansai, matar marigayi wana, tana zaune ita kaɗai a kan kunyar gonarta, katafila na nufo ta a hankali. Ba ta matsa ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, ina mutanen?"

Na waiwaya, babu kowa. Na farka hannuwana suna kan fuskata.

Na yi tofi ta hagu, na nemi tsari, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Kai ka fi ni sanin fassara. Yawan namu ne ba shi da amfani, ko ni ne bai kamata in shige gaba ba? In jibi aka ce in yi addu'a, me zan ce?