Muryar Jagoranmu Ta Dishe a Makka

Asubar fari muka tashi daga Kano, mu 'yan ƙungiyar bege da ba ma kiɗa, sai murya zalla. Wani ɗan kasuwa Bahaushe haifaffen Makka ne ya gayyace mu walimar auren ɗansa. Ya ce mahaifiyarsa da ke jinya ce ta roƙa, tana son jin waƙa da harshen iyayenta. Muka haɗa da Umra.

Tun a jirgi jagoranmu, mai ja mana baiti, ya fara tari. Sanyin na'ura a jirgi, sanyi a motar Jidda, sanyi a masaukinmu na unguwar Aziziyya, waje kuwa kamar bakin tanda. Tituna sumul, wasu ma ta cikin dutse aka huda su, amma ban more kallo ba, kunnena na kan tarin nan. Ranar walima da safe ya buɗe baki, sai iska.

Hankalinmu ya tashi. Mu 'yan amshi ne, babu wanda ya taɓa jan baiti a gaban jama'a. Muka bazama unguwar Kudai neman zuma da citta, zumar ma tsada kamar turare. Wata mai tuwo, wadda iyayenta suka zo ta Chadi, ta dafa wa jagora shayi da kanumfari, ta ce, "Yalla, maza ku kai masa, amma yau kam kada ku sa rai." Shinkafar bukhari ta huce a faranti, har acicin cikinmu bai taɓa ba.

Jagora ya yafito mu, ya raba mana baitoci cikin raɗa. Muka wuni muna bita. Wasu biyu cikinmu da suka daɗe ba sa ga-maciji, sai ga su kafaɗa da kafaɗa, wannan na gyara wa wancan.

Bayan la'asar muka shiga zauren. Samari ne cike, Larabci kawai ke tashi, kowa ido a waya. Ni na fara. Baitin farko ya fito a karkace, na biyu ya ɓace mini ɗif. Sai na kusa da ni ya ɗauka daga inda na tsaya. Daga bayan labulen mata kuma muka ji wata tsohuwar murya mai rawa ta karɓi amshi.

Mai gayya ya miƙe zumbur. "Ummi ce! Wallahi rabon da ta yi doguwar magana an daɗe."

Samarin suka ajiye wayoyi, suka bi amshin da Hausarsu mai gargada. Ango ya riƙe hannuna, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, maimaita a hankali, ina so in iya."

Muryar jagora ba ta dawo ba sai a filin jirgin Jidda, wajen gardamar nauyin dabinon tsaraba.

Mun sauka Kano lafiya. Yanzu a wajen bita kowa sai ya ja baiti, ko yana so ko ba ya so. Shekaru muka yi a bayan mutum ɗaya, ashe ba mu san muryar juna ba sai da tasa ta ɗauke.