Igiya Uku Daga Ƙofar Majami'a

Talata: Maraɗi zuwa Jiratawa

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, da jakar takardu a kafaɗa. Wannan ne aiki na farko da aka tura ni ni kaɗai tun da na gama jami'a aka ɗauke ni a ma'aikatar kula da filaye. Rigimar iyaka ce tsakanin gonaki biyu a wata tunga bayan Jiratawa. In auna, in sa hannu, in dawo. Abin da ya dame ni shi ne, duk iyakar da na sa wa hannu ita za ta zauna.

Ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, ya ce dala ɗari biyu, muka daidaita a ɗari da hamsin. A shingen bakin gari jandarma ya duba katina.

"Mushe, ina zuwa da sanyin safiya haka?" in ji shi, da kalmar Faransancin da ake kiran ma'aikaci da ita a wurinmu.

"Awon gona."

"To, a auna da tsoron Allah."

Tafiyar kamar kilomita goma sha biyu ce, in ban yi kuskure ba. Ƙarfe shida da kwata ina Jiratawa, na sha koko da ƙosai na dala talatin. Daga nan amalanken wani mai albasa ya ɗauke ni kyauta, muka bi ta cikin gonakin rani har Tungar Iliya. Mun isa ƙarfe bakwai da rabi.

Tungar Iliya

Gidajen ba su fi talatin ba, kuma duk ƙofofinsu majami'a suke kallo. Malam Bitrus, mai jagorantar addu'a, shi ya tarbe ni ya ba ni tarihi. Iyayensu Kiristoci ne da yunwa ta koro daga arewa, mai garin wurin ya ba su bakin fadama. Kafin kowa ya kafa ɗaki sai da suka ɗaura majami'a da zana, suka haƙa rijiya a gabanta, sannan suka raba gonaki daga ƙofarta zuwa gulbi.

Na ji daɗin labarin, don a jami'a mun karanta irinsa. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa ƙasashen Amurka su ma majami'a suke fara ginawa, gonaki su jeru daga gare ta, ƙauye ya tashi a kewaye. Na faɗa wa Malam Bitrus haka, wataƙila da ɗan alfahari.

"Ashe mu da Jamusawa dangi ne," in ji shi. "To, su aiko mana da injin ban-ruwa."

Ya ɗauko wani tsohon littafi. A ciki an rubuta cewa gonar farko igiya uku ce daga ƙofar majami'a, da igiyar rijiya, ta biyu kuma ta fara daga nan. Ta farko yanzu tana hannun Dauda, jikan mai ita. Ta biyu ta Inna Saratu ce, wadda mijinta ya rasu bara. Ambaliya ta share kunyar da ta raba su, Dauda kuma ya ce layukan zogalar Inna Saratu duk cikin gonarsa suke. Da zogalar nan take ci.

Dauda da kansa ya kwance igiyar daga guga ya miƙo mini. Na ja sau uku. Ƙarshenta ya wuce zogalar gaba ɗaya. Na sake, haka. Na sake na uku.

"Mushe, ko sai igiyar ta tsinke?" in ji Dauda. Mutane suka yi dariya.

Inna Saratu ba ta yi dariya ba. "Ɗana, shekara arba'in nake tsinkar ganye a nan. Kakan Dauda yana raye bai taɓa ce mini kanzil ba. Rubuta abin da ka gani."

Na buɗe alƙalami, na rufe. Lissafin daidai yake, amma ban ga yadda mutum zai bar wa maƙwabta gonarsa shekara arba'in bai yi magana ba. Na tambaya ko akwai wanda ya ga rabon da idonsa. Aka ce saura mutum ɗaya, Baba Ayuba, yana Tsibiri wurin ɗiyarsa. Na ce a ba ni kwana biyu. Dauda ya ce masu takarda ba su iya komai ba sai "a ba ni kwana biyu". A ɗakin baƙi na Malam Bitrus na sauka. Matarsa ta kawo tuwon gero da miyar kuka, ta shimfiɗa mini tabarma mai tsabta ta nuna mini gabas.

Laraba: Tsibiri

Ƙarfe bakwai na kama hanya, na ratsa Maraɗi ban ko leƙa gida ba. A tasha na shiga adaidaita, dala sittin, mu shida a matse da buhun gero bisa ƙafafunmu. Ƙarfe goma saura na sauka Tsibiri. Mai shayi ya nuna mini gidan.

Baba Ayuba ba ya gani sosai, amma kunnensa lafiya lau. Na karanta masa abin da ke littafin, na gaya masa yadda na auna.

"Da wace igiya?"

"Ta rijiyar, Baba."

"Rijiyar gaba nawa ce yanzu?"

Na duba takardata. "Wajen goma."

Ya yi dariya har da tari. "Kai yaro, mi suka koya maka a lakwal? Ni na shiga ramin nan. Gaba bakwai muka tarar da ruwa. Ruwa ya gudu, an ƙara mata zurfi sau biyu. Rijiya ta ƙaru, igiya ta ƙaru, sai gona ita ma ta ƙaru?"

Kunya ta kama ni. Duk da haka na ce, "Baba, kada ka ga rashin kunya, amma Dauda zai ce maganar baki ce."

"Leƙa cikinta. Mu da dutse muka ɗaure ta. Na baya da siminti suka yi. Inda dutse ya ƙare, nan igiyarmu ta ƙare."

Ɗiyarsa ta dama mini fura, ta hana ni tafiya sai da rana ta yi sanyi. A Maraɗi na kwana.

Alhamis: komawa tunga

Ƙarfe takwas ina bakin rijiyar, mutanen tunga sun kewaye ni. Na ɗaura dutse a igiya na zura, Malam Bitrus yana haska tocila. Layin a fili yake, dutse a sama, siminti a ƙasa. Gaba bakwai cif. Na ƙulla igiyar a nan, na ba Dauda bakinta.

"Riƙe a ƙofar majami'a da hannunka."

Na ja sau uku. Ƙullin ya faɗi taki biyu kafin layin zogala na farko.

Dauda ya zo ya tsaya, ya dubi ƙullin, ya koma ya leƙa rijiyar da kansa. Ya daɗe a can. Da ya dawo sai ya cire hula.

"Inna, wallahi ban sani ba. Igiyar da na tashi na gani ke nan."

"Na sani," in ji ta. "Ɗauko fartanya ka tada kunyar, tun Mushe bai ce a ƙara masa kwana biyu ba."

Ina tsaye ya tada ta. Na auna da mita, na rubuta tsawon a takarda, na ƙara da cewa igiyar da littafin ke nufi gaba bakwai ce. Sannan na sa hannu.

Ƙarfe biyu na bar tungar da ƙunshin zogalar da Inna Saratu ta ba ni a bayan babur, ƙarfe uku da kwata ina ƙofar gidanmu. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Bitrus da iyalinsa da suka sauke ni, da Baba Ayuba da ya yi mini dariya a Tsibiri kafin in sa hannu.