Yadda Na Zama Kyaftin a Takarda

Kafilina, wanda ya tsaya mini na zauna a ƙasar nan, wani tsohon attajiri ne a unguwar Sa'alaba. Shi ya fara kwaso alhazanmu daga gaɓar Sudan a jirgin ruwa mai hayaƙi, a cikinsa ma na zo. Amma shi kansa bai taɓa taka jirgi ba. Ko ruwan baho ya kalla yana motsi, jiri yake yi.

Da jirgin sama ya kashe kasuwar, aka yanka jirginsa aka kai ƙarafan unguwar da ake kira Madinar Masana'antu. Ƙararrawar jirgin kawai ya riƙe, ya rataya a ƙofar kicin ɗina.

Ban yi karatu ba. Shekaru ina yawo da iƙama, takardar izinin zama, a ƙugu, ban san me ke ciki ba. Ranar sabuntawa ni da tsohon muka tarar da sabon ma'aikaci, mai karanta komai. Ya dubi takarda, ya dube ni.

"Ya Hajja, ke ce kyaftin?"

"Ni tuwo nake tuƙawa."

"Nan an rubuta matuƙin jirgi. Ina jirgin? In babu jirgi babu aiki, in babu aiki sai gida."

Gida? Wa ya rage mini a can? Na juya na harari tsohon. Ko a jikinsa. Wai lokacin gurbin kyaftin kaɗai ya rage a takardunsa, kuma bai ga wanda ya fi ni iya tsawa ba.

"Jirgin na nan," in ji shi. "An dai rarraba shi. Rabinsa ƙofofin gareji ne a unguwar Safa."

Ma'aikacin ya ajiye biro. "To, kyaftin, in guguwa ta taso me kike yi?"

"In kwashe shanya, in rufe tukwane, in ce kowa ya zauna wuri ɗaya ya yi mini shiru."

"Wallahi abin da na baya suke yi ke nan," in ji tsohon. "Sai dai su shanyar takan tafi."

Ban yi dariya ba, hannun ma'aikacin nake kallo. Ya daɗe yana juya hatimin kafin ya buga.

"Halas, an gama. Yalla, Allah ya kiyaye hanya."

Da muka koma gida tsohon ya miƙa hannu zai kaɗa ƙararrawa a kawo shayi. Na ce ya sauke hannunsa, wannan ta kyaftin ce. Ya sauke, ya zauna ya jira.