Amsar da ke Cikin Handawut

Malamin da ya koya mana op-amp a kwalejin fasaha bai taɓa warware lissafi ko ɗaya a allo ba. Zai shigo, ya buɗe handawut ɗinsa da ya tsufa har ya yi ja, ya karanto mana kamar mai sanarwar ɗaurin aure, ya duba agogo, ya fita. Wai shi injiniya!

Op-amp wani ɗan baƙin abu ne mai ƙara wa sigina ƙarfi. Ƙofofin shigarsa biyu ne, ta tarawa da ta ɗebewa. Aikinmu shi ne mu duba zane, mu fitar da lissafin da ke nuna abin da zai fito in an san abin da ya shiga, wato tiransifa fankshin. 'Yan ajinmu haddace amsoshi suka yi. Ni kuwa na zauna na koyi abin da kaina: wuta ba ta shiga ƙofofin nan, kuma ƙarfinsu ɗaya ne. Daga nan sai ka bi sauran ƙananan kayan da ke zanen, su rasista da kafasita, ɗaya bayan ɗaya har amsa ta fito.

Ranar jarrabawar ƙarshe babbar tambaya ta zo da zanen handawut, amma wajen kwafa Malam ya kai wayar sigina ƙofar tarawa, alhali a handawut a ta ɗebewa take. Sakit, wato haɗin wayoyin, ya zama wani daban. Na bi zanen da ke gabana na warware. Masu hadda suka zuba tasu, duk suka wuce. Ni kaɗai na faɗi, kuma darasin nan ne kawai ya tsaya tsakanina da takardar gamawa.

Da hutu na hau mashin daga Gubuchi zuwa Kudan, na sami Malam a gonar rakensa yana lura da masu dafa mazarƙwaila. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi aiki, sannan na miƙa takardar tambaya.

"Malam, ranka ya daɗe, don Allah a duba inda wayar nan ta shiga."

Ya riƙe takardar yana tauna rake. Wallahi a idonsa na gani, bai san bambancin ba. Shekara da shekaru yana cin abinci da sunan abin nan!

"Kai yaro, amsarka ta yi daidai da ta handawut?"

"A'a, Malam, ai zanen ne..."

"To ka faɗi. Ka gaida mutanen gida."

Ya tofar da ɓawo ya juya wajen tukunya. Na raina shi raini mai tsanani, har yau ban daina ba.

Na koma na maimaita shekara guda cur saboda darasi ɗaya. Abokaina suka tafi neman aiki, ni ina zaune da ƙannena a aji. Ranar jarrabawa na buɗe takarda, sai ga tambayar nan, ga zanen nan, waya tana nan a ƙofar tarawa. Ko gyarawa bai yi ba.

Na warware ta daidai a gefen takardar tambaya, don dai raina ya sani. Na daɗe ina kallonta. Sannan na jawo takardar amsa na rubuta ta handawut, baƙi da baƙi, ina sane ƙarya ce. Ni na zo na ɗaya a ajin.